Sabar da ke tashi ranar kasuwar Kurfi

Ɗaya daga cikinku, ku matasan da ke leƙowa wurina, ya tsaya a bayana makon jiya a shago, ya kalli abin da nake yi kamar minti biyar, sannan ya ce ashe aikin ke nan, a canza layi ɗaya a danna maɓalli. A lokacin waya na kunnena, idona kuma na kan allo. Amma maganar ta bi ni har gida ta hana ni sakat, shi ya sa na ce bari in rubuta maku yadda aikin yake. Zama wuri ɗaya ba iya shi na yi ba, saboda haka in kun ga zancen ya yi tsalle, ku yi haƙuri.

Sunana Lawal, mutumin Kurfi ne ni, amma na fi shekara ashirin ina zaune a Dutsin-Ma. Aikina kula da sabobi. Saba kwamfuta ce da ke zaune tana jiran mutane su buɗe shafi a intanet ta amsa masu. Waɗanda nake kula da su ban taɓa ganinsu da idona ba. Hayarsu ake yi a kilawud, wato manyan ɗakunan kwamfutoci na wasu kamfanoni a wata ƙasa, ni kuma ina shiga cikinsu daga shagona da ke bayan kasuwa. Idan jama'a suka yi wa saba ɗaya yawa sai a yi biyu ko uku, a sa wata na'ura a gabansu tana rarraba masu mutane, yadda kamasho ke raba fasinja a tasha. Mai raba lodi muke ce mata. Wanda ya buɗe shafi bai san wacce aka tura shi ba, kuma ba ruwanshi da sani. Sharaɗin dai shi ne duk wadda ya faɗa, amsa iri ɗaya zai samu. Kowace saba tana da fayil ɗin saiti inda aka rubuta mata dokokin aikinta: inda za ta ajiye bayanai, ranar buɗe rajista, ranar rufewa, girman hoton da za ta karɓa. Nawa aikin shi ne fayilolin nan su zama daidai da juna, harafi da harafi, kullum.

Aikin da ya fara koya mani wannan ba a kilawud aka yi shi ba. A lokacin ina yaron shago wajen Malam Isiyaku, tsohon ma'aikacin gyaran wayar tarho da ya yi ritaya ya buɗe wurin buga takardu a Dutsin-Ma. Ni ke buga wa ɗalibai rubutunsu, ni ke zaro takardar da ta maƙale a firinta. Kayan aikin Malam gaba ɗaya suna shiga aljihun rigarshi: sukundireba biyu, tsohon burushin haƙori na share ƙura, da ɗan littafi mai jan bango. Wata makaranta ta sayo kwamfutoci goma sha biyu na hannu, ta ce a saita su don jarrabawar gwaji. Malam ya miƙo mani sabon littafi, ya ce in saita ta farko ina rubuta duk abin da na taɓa, sannan sauran sha ɗayan in bi littafi, kada in bi kaina. Na bi littafi har kwamfuta ta huɗu, daga nan na ga ai na haddace. Ranar jarrabawa yara biyu suka kasa shiga, don a kwamfutocinsu alamar nan da ake sawa a tsakiyar adireshin imel ta koma wani maɓalli daban. Na manta ban canza harshen madannai ba.

Malam bai yi mani faɗa ba. Cewa ya yi in goge duka sha biyun in sake daga farko. Na ce mashi ai goman lafiyarsu lau.

"Ta ina ka sani?" in ji shi. "Hannun da ya manta a biyu, shi ya yi goman."

Kwana uku na yi ina wannan aiki, shi kuwa yana zaune a ƙofa yana sauraren rediyo, in na ɗaga kai sai ya nuna littafi da leɓe.

Yau kayan aikina laftof ne, da modem biyu na layi daban-daban don in ɗaya ya ɗauke in koma ɗayan, da sola da batir, da waya da ba ta mutuwa. Littafi ma yana nan, ban bar shi ba. Masu kawo mani aiki kuwa makarantu ne, da wani ƙaramin asibiti, da wasu 'yan kasuwar hatsi da ke son dillalansu su riƙa ganin kayan da ke sito. Cikinsu babu wanda ya san ana wani abu wai shi saiti. In shafi ya mutu gaba ɗaya hankalina ba ya tashi, don mutuwa a fili take, kowa na ganinta. Maganar da ke sa in ajiye cokali in miƙe ita ce in aka ce mani wani lokaci yana yi, wani lokaci ba ya yi. Da na ji haka na san sabobina sun raba gari.

Akwai shekarar da shugaban wata makaranta ya kira ni da irin wannan magana. Iyaye na cike fom ɗin shiga, wasu hoton yaro ya hau, wasu ya ƙi. Kwana biyu kafin nan na ƙara girman hoton da shafin ke karɓa. Na buɗe fayil ɗin saba ta ɗaya, daidai. Na buɗe na ta biyu, daidai. Na jera su gefe da gefe ina bi da yatsa kamar mai bitar allo, babu bambanci ko na ɗigo. Na fita na zaga kasuwa na dawo, na sake dubawa. Sai wajen azahar na gane: saba ba ta karanta fayil ɗinta sai lokacin da aka tashe ta, ni kuma ɗaya kawai na sake tayarwa. Ta biyun tana nan tana aiki da abin da ta karanta tun watan jiya. Daga ranar na daina yarda da abin da ke rubuce kaɗai, sai na tambayi sabar da kanta abin da take riƙe da shi.

Babban aikin da na taɓa samu shi ne na wata ƙungiyar manoma da ta haɗa ƙananan hukumomi da dama a yankinmu. Kafin damina manomi zai je wurin wakilin ƙungiya a garinsu a yi mashi rajista ta intanet, a ba shi takarda, da ita zai karɓi irin shuka mai saurin nuna da taki. Wanda bai yi rajista ba kafin a rufe, sai baɗi. Mai riƙe da ofishin ita ce Hajiya Rabi, tsohuwar malamar gona, mace mai magana ɗaya. Na kafa masu saba biyu da mai raba lodi a gaba, muka yi shekara biyu lafiya.

Sai aka shiga lokacin nan da aka datse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Kuna iya tunawa. Ni aikina gaba ɗaya a kan layi yake, saboda haka sau biyu a mako nake rungumar laftof in shiga mota zuwa Katsina, in zauna a shagon wani abokina in yi abin da zan yi a gurguje, in juyo kafin la'asar, don hanya ba ta biyuwa in rana ta yi sanyi. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan Hajiya ta aiko mani da saƙo cewa tunda yanzu ba a samuna a waya, in yi dabarar da shafin zai riƙa taimakon kanshi in jama'a suka yi yawa. Akwai wannan dabara. Za ka ɗauki hoton saba ɗaya, wato kwafinta sukutum da duk abin da ke cikinta, ka ajiye. Sai ka kafa doka cewa in lodi ya yi nauyi a tayar da sabuwa daga hoton nan, in ya yi sauƙi a kashe ta. Cikin awa ɗaya na gama, direba na ta aiko mani cewa mota ta cika saura ni. Littafina na baro shi a Dutsin-Ma. Na ce in na isa gida zan rubuta. Ban rubuta ba.

A cikin hoton nan akwai fayil ɗin saiti yadda yake a ranar, da ranakun rajistar noman rani na wancan lokacin. Layi ya dawo, watanni suka wuce, lodi bai taɓa yin nauyin da zai tayar da saba ta uku ba. Na manta da ita kwata-kwata.

Da damina ta kusa Hajiya ta aiko da sababbin ranaku, mako biyu za a yi ana rajista, kuma a wannan karon an ƙara garuruwa. Na shiga saba ta ɗaya na canza na tayar da ita, na shiga ta biyu na yi haka, na tambayi kowacce ta ba ni amsa daidai. Na gwada a laftof, na gwada a waya. Na rubuta a littafi na ja layi.

Wakilin ƙungiya a Kurfi shi ne Sama'ila, sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Yana da shago a bakin kasuwa da tebur biyu. Shi yana kan wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke mutuwa duk lokacin da janareta ya yi tari, abokin aikinshi Aminu kuma yana kan laftof mai batir. Ranar kasuwar Kurfi ta farko bayan buɗe rajista, da hantsi, Sama'ila ya kira ni ya ce shafi na rubuta mashi cewa an rufe rajista. Na duba laftof ɗina da ke buɗe tun safe, shafi na aiki sumul. Na ce mashi a wajena yana aiki, ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya sake kira ya ce ya yi, bai canza ba, amma na Aminu na tafiya. Na ce to ka ga ni, matsalar kwamfutarka ce, ka share tarihin burauza, manhajar da kake buɗe shafi da ita. Sau huɗu ya kira ni a ranar, sau huɗu ina ba shi amsa ɗaya. Bayan la'asar ya ce abin ya warware da kanshi. Na ce ai na faɗa maka.

Ga abin da ke faruwa, wanda ban sani ba a lokacin. Ranar kasuwa ce ranar da mutanen ƙauyuka ke shigowa gari, saboda haka da hantsi lodi ya yi nauyi, saba ta uku ta tashi daga tsohon hoto da tsofaffin ranaku. A lissafinta an rufe rajista tun watanni. Mai raba lodi kuwa na saita ta ne ta tura sabon shigowa ga sabar da ta fi ƙarancin aiki, kuma in ta haɗa kwamfuta da wata saba ta bar su tare har a gama zama. Saba ta uku ba ta da aikin yi sai korar mutane, kora kuwa ba ta ɗaukar lokaci, don haka kullum ita ce mai ƙarancin aiki, kullum ita ake tura wa sabon shigowa. Aminu ya buɗe tun da sassafe kafin ta tashi, ya manne da saba ta ɗaya. Ni ma haka. Sama'ila kuwa duk lokacin da janareta ya yi tari ya sake kunnawa, kanta yake faɗawa. Duk shawarar da na ba shi ƙara tura shi wajenta take yi. Da la'asar jama'a suka watse, lodi ya sauka, aka kashe ta. In na leƙa da yamma sabobi biyu nake gani, tsaf da su.

Wakilan wasu garuruwan ma sun gamu da abin, amma sun ɗauka rashin sabis ne, suka ce wa mutane su dawo gobe. A Kurfi ne ya zama fitina, saboda tebur biyu ne gefe da gefe suna ba da amsa biyu. Mutanen cikin gari sun yi sammako sun cika layin Aminu. Mutanen Rawayau da ƙauyukan da ke kewaye, da suka taso a kan babura ta hanyar burji, sai da hantsi suka iso, suka bi layin Sama'ila don shi suka sani. Suna tsaye suna kallon ɗan gari na karɓar takardarshi yana ninkewa, su ana ce masu an rufe. Sama'ila ya roƙe su su koma layin Aminu, amma layin ya kai bakin titi, kuma su ma dole su kama hanya da sauran rana. Kaɗan ne suka samu.

Kasuwar da ta zagayo abin ya maimaita kanshi. A ranar ne wani dattijo daga wajen Rawayau, Malam Ɗanjuma, wanda karo na biyu ke nan yana barin sharar gona yana zuwa, ya tsaya a ƙofar shagon ya ɗaga murya. Ya ce Sama'ila na karkatar da rabon ƙauye yana ba 'yan gari, ya kira shi maci amana a gaban 'yan kasuwa, ya ambaci mahaifinshi da ya rasu. Kafin magariba zancen ya isa kunnen Hajiya Rabi. Washegari ta kira ni ta tambaya ko akwai matsala a shafi. Na ce mata na duba sabobin duka biyu, lafiya lau suke, in akwai matsala to a Kurfi take. Da wannan maganar tawa ta karɓe wakilci daga hannun Sama'ila.

Bayan kwana biyu sai ga shi a shagona da safe. Muka gaisa sama-sama, na kawo ruwa bai sha ba. Ya zaro waya ya nuna mani hoton allon kwamfutarshi da ya ɗauka ranar kasuwa. Ga jan rubutu nan, an rufe rajista. Na buɗe baki zan fara bayanin da na riga na yi mashi sau da yawa, sai idona ya sauka can ƙasan shafin. Tun ranar da na kafa shafin na sa wani ɗan ƙaramin rubutu a wurin don amfanin kaina, yana nuna sunan sabar da ta amsa. A hoton Sama'ila an rubuta saba ta uku.

Na ce mashi ni biyu gare ni. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya gani ke nan. Na shiga tarihin da kilawud ke ajiyewa, wurin da ban leƙa ba tun zamanin zuwa Katsina. Ga ta nan. Ta tashi da hantsi ta mutu bayan la'asar, ranar kasuwa ta farko. Ta sake tashi ta sake mutuwa, ranar kasuwa ta biyu. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa.

"Ke nan ba kwamfutata ba ce?" in ji Sama'ila.

"Ba ita ba ce."

Ya mayar da waya aljihu. "To tashi mu tahi wajen Hajiya, ka faɗi da bakinka."

A ofishin Hajiya na faɗi komai yadda yake, har da littafin da na baro a gida. Ta saurara ba ta katse ni ba, sannan ta yi tambaya ɗaya: mutum nawa aka kora? Na ce ban sani ba. Kowace saba a cikinta take rubuta waɗanda suka zo wurinta, ta uku kuwa duk lokacin da aka kashe ta da rubutunta take tafiya. Babu suna, babu lambar waya, babu komai. An riga an yi ruwan farko a wasu wurare, kuma motocin iri sun fara lodi. A ƙarshe ta ce za ta riƙe wani kaso na buhunan, ta ƙara kwana huɗu, ta kuma mayar wa Sama'ila wakilcinshi a take. Ta ce amma neman mutanen aikina ne, tunda ni na ɓatar da su.

A tsaye a ofishin na kashe dokar da ke tayar da saba ta uku. Washegari Juma'a, ni da Sama'ila muka hau babur ɗaya zuwa Rawayau, laftof a bayana, modem biyu a aljihu. Muka fara zuwa wajen mai gari, shi kuma ya yi wa liman magana aka ba ni dama bayan an idar da salla. Na shirya bayani mai tsawo a kan hanya, da na tsaya gaban jama'a sai na ga ba shi da amfani. Na ce masu ni ne Lawal ɗan gidan wane na Kurfi, ni ke kula da na'urar rajista, ni na bar tsohuwar rana a cikinta, ita ce ta kore su. Na ce Sama'ila ya kira ni sau da yawa ya faɗa mani, ni ne ban saurare shi ba. Na ce duk wanda aka kora ya zo yanzu a yi mashi.

Aka fara gunaguni. Wani ya ce shi ya riga ya shuka nashi tsohon iri, me zai yi da takarda yanzu. Wani ya ce ƙanenshi ya fid da rai ya tafi ci-rani. Duk da haka layi ya kafu. Sabis a wurin sai a kan wani tudu bayan makarantar firamare, can muka ɗauki benci muka kai. Sama'ila na bugawa, ni ina riƙe da modem sama kamar mai shanya, ina matsawa dama da hagu in ya ɗauke. Kwana huɗun nan haka muka yi su daga wannan ƙauye zuwa wancan, mu fita da safe mu juyo da la'asar. Mun samu mutane da yawa. Ban san adadin waɗanda ba mu samu ba, kuma har gobe ba zan sani ba.

Malam Ɗanjuma bai shiga layi ba ranar Juma'a. A rana ta ƙarshe muka iske shi a gona, ya riga ya shuka geronshi na gida. Ya ce ba ya buƙatar takarda bana. Sai ya juya ga Sama'ila ya ce a kasuwa ya zage shi, saboda haka ba zai ba shi haƙuri a gona ba inda babu kowa. Ranar kasuwa ta gaba ya zo Kurfi da kanshi, ya tsaya daidai inda ya tsaya a da, ya ɗaga murya kamar yadda ya ɗaga a da, ya janye maganarshi. Amma kun san yadda zance yake. Waɗanda suka ji zagin sun fi waɗanda suka ji ban haƙurin yawa, kuma Sama'ila ya daɗe yana ganin wasu na wuce shagonshi suna zuwa wani.

Daminar nan gaba ɗaya a kan gyara na ƙare ta. Na daina shiga saba in canza abu da hannu, ko da harafi ɗaya ne. Yanzu saiti wuri ɗaya yake zaune, a ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, da wanda ya yi, da dalili. Duk sabar da ta tashi, sabuwa ko tsohuwa, daga can take ɗauko nata, hoto ba ya ɗauke da rana ko doka a cikinshi. Kafin mai raba lodi ta tura mata mutum ko ɗaya sai ta nuna lambar shaidar saitinta, in ba ta yi daidai da ta ma'ajiya ba a bar ta a waje, ni kuma waya ta yi ƙara. In zan yi canji sai in cire saba ɗaya daga layi, in canza, in gwada ta da sunanta, in mayar, sannan in taɓa ta gaba. Rubutun waɗanda suka zo kuwa yana tafiya wani wuri daban nan take, don in saba ta mutu kada ta tafi da sunayen mutane. Maɓallin da ɗan'uwanku ya ga na danna, wannan duka ke bayanshi. Kuma duk da haka ba na zama. Abin da na tsara zai kama irin kuskuren da na riga na yi ne, na gaba kuwa ban san kamanninshi ba.

Da aka buɗe rajistar shekarar da ta biyo, ranar kasuwar farko ban zauna a Dutsin-Ma ba. Na shiga motar farko zuwa Kurfi, na isa Sama'ila na share ƙofar shago. Na ja kujera can gefe na buɗe laftof ina kallon sabobi. Da hantsi ta uku ta tashi, ta ɗauko saiti, ta nuna shaida, ta shiga layi. Janareta ya yi tari, kwamfutar Sama'ila ta mutu, ya sake kunnawa. Kafin ta gama tashi na ce mashi har yanzu ban roƙe shi gafara yadda ya kamata ba.

Bai juyo ba, idonshi na kan allo. "Kuskuren na'ura na yafe tun ranar da ka tsaya gaban masallaci," in ji shi. "Abin da ya daɗe mani shi ne, ina faɗa maka abin da nike gani da idona, kai kana faɗa mani abin da kake gani da naka."

Wani manomi ya zauna a bencin gabanshi ya miƙa katin shaida, babur ɗinshi na waje da jar ƙasa har sirdi. Sama'ila ya karɓa ya fara buga suna.

"Rufe wannan naka," ya ce mani. "Jawo kujera nan bayana, ka kalla daga inda nike."

Na rufe laftof na jawo kujera.